Wai Mota Sa'a Ce

A farkon hunturun da ya wuce yayana ya sayi ƙaramar jif ruwan toka, irin wadda a yau ta zama burin kowane ma'aikaci mai ɗan rufin asiri. Shekara shida yana tari, sannan ya cika da bashin ƙungiyar adashen ma'aikata. Ranar da aka kawo ta gidanmu na Tudun Wada yara suka kewaye ta, iyaye mata suka fito suna cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Kafin ruwan farko ya sauka, fentin ƙofar baya ya tsage, wani farin abu kamar alli ya leƙo daga ƙarƙashinsa. Mai gyaran jikin mota ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa, ya ce motar ta taɓa shan mugun karo, an cike ramin da fila aka fesa fenti a kai. Yayana ya koma wurin dillalin da ya rantse masa cewa fas-bodi ce. Dillali ya ba shi kujera, ya aika a kawo masa ruwan sanyi, sannan ya ce: "Haba Alhaji, kai ma ka sani mota sa'a ce. Mu ma haka muka saye ta."

Wannan jimla nake so mu tsaya a kanta, domin na gaji da jin ta a bakin mutanen da ba za su karɓi irinta a wurin aikinsu ba. Akanta ba ya cewa lissafi sa'a ne, likita ba ya cewa tiyata sa'a ce. Amma mutum guda zai miƙa gumin shekara shida a kan alƙawarin baki, in abu ya lalace ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya kuma yi wa wanda ya cuce shi godiyar ruwan sanyi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yayana bai shiga cinikin da jahilci ba. Wata uku yana kallon masu sharhin mota a YouTube. Ya haddace bambancin Toyota RAV4 da Honda CR-V da Hyundai Tucson da Kia Sportage. Ya san cewa waɗannan motoci siffar jif gare su, amma ginin ƙaramar mota aka yi musu, ba su da kwarangwal na daban kamar Land Cruiser, shi ya sa ba su cika shan mai ba kuma ba a yi su don daji ba. Ya san wadda ta fi garanti, ya san wadda aka fi yabon fentinta. Duk iliminsa daidai ne, sai dai ilimin wata ƙasa ne. Masu sharhin nan suna magana ne da mai saye a Texas ko Landan, wanda dillalin kamfani ke bayan gidansa. Ba wanda ya taɓa ce masa: idan ta lalace a Zariya, wa zai amsa?

Garantin da ba ya tsallake teku

Bari mu ɗauki alƙaluman da 'yan bokonmu ke jefa wa juna a majalisa. A Amurka, sabuwar Toyota ko Honda tana zuwa da garantin shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, wato kimanin kilomita 58,000, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giyabos. Hyundai da Kia sun fi su buɗe hannu: shekara 5 ko mil 60,000 a kan motar, da shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giyabos. A Turai Kia tana bayar da shekara 7 ko kilomita 150,000. Wanda ya kalli wannan jeri zai ce motocin Koriya sun yi zarra.

To amma a karanta ƙananan rubutun. Shekara goman nan ta mai saye na farko ce kaɗai. Da zarar mota ta sauya hannu, sai ta koma shekara 5 ko mil 60,000, ana ƙirgawa daga ranar da aka fara sayar da ita. Kuma alƙawarin na reshen kamfanin da ke Amurka ne, a garejojin dillalansa na can ake cika shi. Motar da ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ta bar shi a bakin teku. Idan kuma kamfanin inshora ya riga ya yanke cewa motar ta tashi daga aiki saboda haɗari ko ambaliya, garantin kan mutu tun tana can. Irin waɗannan motoci ne ake gwanjonsu a kamfanoni kamar Copart da IAA, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan kasuwarmu suna cikin manyan masu saye. Guguwar Harvey ta shekarar 2017 kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas. Motar da ta kwana cikin ruwa tana iya tashi lafiya a gaban mai saye, wayoyinta su riƙa cinyewa a hankali har bayan wata shida.

A kan wannan sai a ɗora shekaru. Mafi yawan ƙananan jif da ke tsaye a filayen dillalanmu sun haura shekara bakwai ko takwas da fitowa daga kamfani. Ko da garantin yana tsallake teku, ya riga ya ƙare. Saboda haka duk wanda ya zaɓi tokumbo saboda wai kamfaninta ya fi garanti, ya yi cinikin biri a sama.

Asarar ba ta tsaya a nan ba. A ƙasashen da motocin suka fito akwai tsarin kiranye: idan aka gano aibi daga kamfani, ana aika wa masu motocin takarda su kawo a gyara kyauta. Injin Theta II na Hyundai da Kia, wanda ke cikin wasu Tucson da Sportage, ya jawo kiranye tun daga 2015 saboda yana iya kamewa ko kama wuta. A watan Nuwamban 2020 hukumar kiyaye haɗura ta Amurka ta ci kamfanonin biyu tarar da ta kai dala miliyan 210 saboda jinkirin kiran. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, masu fashewa su watsa ƙarfe a fuskar direba, sun jawo kiranye mafi girma a tarihin motoci, wanda ya shafi tsofaffin CR-V da wasu RAV4. Kuma zafi da laima ne ke lalata sinadarin da ke cikinsu. Ba'amurke ya sami takarda a akwatin gidan wayarsa. Wanda ya gaji motar a Gyallesu ko Samaru ba wanda ya san da zamansa. Wannan ya wuce maganar kuɗi, maganar rai ce.

Fenti shi ne mai ba da shaida

Mutanenmu suna ɗaukar fenti a matsayin ado. A kasuwar tsofaffin motoci fenti shi ne kaɗai shaidar da ba a iya ba ta toshiyar baki. Fentin kamfani hawa-hawa ne: akwai na kariya daga tsatsa da ake tsoma jikin motar a cikinsa, sai na share fage, sai launi, sai wani garai-garai mai sheƙi a sama. Dukansu a haɗe ba su cika wuce kaurin gashin kai biyu ba, wato maikiron 100 zuwa 150 ko sama kaɗan. A kamfani ana gasa shi da zafin da ya kai digiri 140, tun kafin a sa kujeru da wayoyi da roba. Babu garejin da zai iya maimaita wannan a kan motar da aka riga aka haɗa, balle wanda ke fesawa a fili, iska na kaɗo masa ƙura. Shi ya sa fenti na biyu ba ya taɓa kai na farko ƙarko, kuma shi ya sa kalmar fas-bodi take da tsada a bakin dillali.

Ko fentin kamfanin ma yana da nasa tarihi. Toyota da kanta ta amince cewa wasu fararen fentinta guda biyu, Blizzard Pearl da Super White, suna ɓarewa daga jikin wasu RAV4 da Camry da Corolla da aka ƙera daga 2008 zuwa shekarun da suka biyo baya, saboda hasken rana yana raunana riƙon da ke tsakanin hawa biyu na ƙasa. Ta buɗe shirin sake fesa wa masu motocin kyauta a Amurka da Kanada. Mu kuwa farar mota muke rububi saboda zafi, kuma ranarmu ba ta da sassauci. Mai irin wannan mota a nan shi zai biya daga aljihunsa, a kuma ce masa rashin kula ne.

Sai dai a nan dole mu ma mu karɓi namu laifin. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi saman fenti tauri. Kowace safiya a unguwarmu za ka ga yaro da busasshen tsumma yana goge motar maigida. A zahiri gogar kafinta yake yi mata. A haɗa da garin sabulun wanki da ake wanke ta da shi, da kashin tsuntsu da ke kwana a kanta a gindin darbejiya, da ranar watan Maris da Afrilu da ke kusantar digiri 40. Babu kamfanin da garantinsa ya ɗauki nauyin waɗannan, ko a ƙasar da aka ƙera motar. Takardun sukan cire yashi da tsakuwa da kashin tsuntsu da ƙaron itace a fili. Garantin tsatsa da ake yi mana taƙama da shi kuwa, na ƙarfen da ya huje ne daga ciki, an tsara shi don ƙasashen da ke zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara. Amfaninsa gare mu ɗaya ne: ya tuna mana mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashin duk motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka.

Abin takaici, gane fenti na biyu ba ya buƙatar boka. Akwai ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, ba ta fi wayar hannu girma ba, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. A ɗora ta a ƙofa da rufi da gefe: inda lamba ta ninka sau biyu an sake fesawa, inda ta yi tsalle sau biyar ko goma akwai fila. Ko maganaɗisu aka naɗe da ƙyalle zai ƙi kama wurin da aka cike da yawa. Da yayana ya yi wannan na minti goma, da ba a kai ga ruwan sanyi ba.

Garanti tafiya ce

Wani zai ce, to a sayi sabuwa mana. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, sabuwar jif ta Japan ta koma sai gwamnati da bankuna. Giɓin da ta bari kamfanonin Sin suke cikewa: GAC da Changan da Chery da Geely duk suna da wakilai a Najeriya, wasunsu suna tallar garantin shekara biyar har shida. Akwai kuma na gida, kamar Innoson na Nnewi. Ba na cikin masu yi wa waɗannan motoci dariya. Yadda ake raina su yau haka aka raina na Koriya shekaru ashirin da suka wuce, aka raina na Japan kafin su. Wanda ya sa hannu a takarda ya ce zai ɗauki nauyin kayansa shekara shida ya fi mini wanda ya ce sa'a ce.

Amma garanti yana da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne duk sabis a garejin da kamfani ya amince da shi za a yi, a kan lokaci, da hatimi a littafi. Manyan garejojin nan sun taru a Legas da Abuja, sai ɗaiɗaiku a Kano da Kaduna. Daga Zariya, Kaduna kimanin kilomita 80 ce, Kano kimanin 150, Abuja ta haura 250. Malamar da ke koyarwa a Kongo ko likitan da ke aiki a Shika zai ɗauki hutun yini guda, ya ƙona mai zuwa da dawowa, don kawai a juye baƙin mai. Ranar da ya gaji ya kai wa bakaniken unguwa, ya ba kamfani hujjar zame wuya. Idan kuma wani ƙarfe ya lalace aka ce sai an yi odarsa daga waje, motar tana iya wata biyu a ajiye, shi yana hawa Keke Napep yana biyan bashinta. A takarda ba a karya masa alƙawari ba. Don haka nake cewa da kilomita da kwanaki ya kamata a auna garanti, kafin a ƙirga shekarunsa.

Iyayenmu sun san wannan ba tare da YouTube ba. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Abin da ya sa Fijo 504 ta mallaki titunan Arewa shekara da shekaru ya wuce ƙarfin jikinta. Masana'antar tana nan kusa, kayan gyaranta suna kowace kasuwa, kuma babu bakaniken da bai san cikinta ba kamar yunwar cikinsa. Da aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya ci shi har hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012, wannan gata ya watse. A 2022 wani sabon kamfani, na haɗin gwiwar Dangote da masu Peugeot da gwamnatocin Kaduna da Kano, ya fara haɗa motoci a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ciki har da ƙananan jif 3008 da 5008. Kusanci ya dawo. Ko zai zama gata ga mai mota a Zariya, ya danganta ga yawan garejoji da kayan gyara da za a shimfiɗa, domin masana'anta kaɗai ba ta gyara mota.

A nan zan ba masu kare tokumbo gaskiyarsu. Wanda ya zaɓi tsohuwar RAV4 ko CR-V saboda ya san za a sami kayanta a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma bakanikensa ya saba da ita, ya yi lissafi mai kyau. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai gatarin yana dakushewa. Ƙananan jif na shekarun baya-bayan nan suna zuwa da ƙaramin inji mai turbo, da giyabos na zamani da ke buƙatar mansa na musamman, da kwamfutoci masu yawa da sai an jona na'ura ake jin ciwonsu. Bakaniken da ya ƙware da kunne da sifana zai zuba man da ya saba, bayan wata uku giyabos ya mutu, a ce motar ce ba ta da kyau. Kafin ka tambayi wace mota ce ta fi, tambayi wa zai taɓa ta.

Abin da ya kamata mu daina yafewa

Hujjar dillali ita ce shi ma bai sani ba. Wannan ba ya karɓuwa a yau. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Da ita ake ganin kiranyen da ba a yi ba, kyauta, a shafin hukumar kiyaye haɗura ta Amurka. Da ita ake sayen rahoton tarihin motar daga kamfanoni irin su Carfax, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjonta suna nan a intanet, da gabanta a murƙushe. Ita kanta hukumar kwastam da wannan lamba take ƙiyasta haraji tun 2022. Wanda ya sayi mota a gwanjo ya ga hotunanta kafin ya biya. Idan ya ɓoye, sunan abin algus, ko da an yi shi cikin fara'a.

Kuma ba a bar mai saye haka kawai ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin a gaya masa gaskiyar kaya, da haƙƙin mayar da kayan da ba su dace da yadda aka siffanta su ba. Tun kafin ita, fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan birnin Zariya ya tabbatar da zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Dokar boko da ta zaure sun haɗu a nan. Al'adar "in ka saya ka saya" ba ta da gindi a ko ɗaya. Kunyarmu ce ke raya ta, domin dillalin ɗan unguwa ne, ko abokin wan wani, ko sahu ɗaya muke sallah, sai mu ga neman takarda kamar zargi ne.

Ni ban ga zargi a ciki ba. Dillalin kirki ba ya tsoron rubutu, kuma akwai su da yawa. Su ne ma wannan al'ada ta fi cuta, tunda ta daidaita farashinsu da na maha'inta. Abin da nake kira gare shi kaɗan ne. A karɓi lambar shasi kafin a fara maganar kuɗi, a bincika ta a gida. A je da bakanike da mai fenti waɗanda ba su da rabo a la'ada. Duk abin da dillali ya faɗa da baki, cewa fas-bodi ce, ba ta taɓa haɗari ba, ba a taɓa buɗe injinta ba, a rubuta shi a takardar ciniki a gaban shaidu biyu, da sharaɗin mayarwa cikin kwanaki sanannu. Idan sabuwa ce, a tambayi sunan gareji mafi kusa, a je a gan shi da ido, a tambayi kwana nawa ake jiran gilashin gaba ko fitila, a nemi a rubuta abin da garantin ya cire. Ƙungiyoyin adashen ma'aikata na jami'a da asibiti da kwalejojin Zariya, waɗanda ke bayar da bashin sayen mota, suna da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi: su ƙi sakin kuɗi sai an kawo rahoton lambar shasi da takardar sharaɗi. Ranar da suka fara, kasuwar za ta gyaru kafin shekara ta zagayo.

Yayana bai mayar da motar ba, domin ba shi da abin nunawa sai rantsuwar da aka yi masa a tsaye. Ya biya aka kankare ƙofar aka sake fesawa, launin bai zo daidai ba, kullum da rana ana ganin bambancin. Saura shekara biyu ya gama biyan bashin. Kwanan baya ƙaninmu ya fara maganar sayen tasa, ya turo mana bidiyon wani Bature yana jera motoci huɗu. Yaya ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce masa: "Ka je ka karɓo lambar shasin tukuna, sai mu yi magana."